MOTA RUWA-BIYU: MAI CAJIN KANTA KO MAI JONA WUTA?



Tun ranar 29 ga watan Mayu 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, duk mai abin hawa a ƙasar nan ya shiga lissafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a garuruwa da yawa. Kowa ya ji a jikinsa. Kuɗin mota daga Jega zuwa Birnin Kebbi ya tashi, kuɗin kabu-kabu ya tashi, manomin rani mai ban ruwa da inji ya koka, har kuɗin da iyayenmu kan ba mu ranar komawa makaranta sai da ya ƙaru.

Saboda haka ne mutane suka fara tambayar motocin da ba su shan mai da yawa. Cikinsu akwai iri biyu da ake yawan rikitawa, domin sunansu kusan ɗaya ne, kamanninsu ma ɗaya. Dillalai kan ce da su duka haibirid. Amma aikinsu ya bambanta, kuɗinsu ya bambanta, kuma wanda ya sayi ɗaya alhali ɗayar ce ta dace da shi ya zubar da dukiyarsa. Nufina a wannan maƙala shi ne in bayyana yadda kowace ke aiki, sa'an nan mu auna su da halin da muke ciki a Jega da Aliero da Maiyama.

Me ake nufi da ruwa-biyu?

Motar da muka saba da ita inji ɗaya gare ta, watau injin fetur. Akan ƙona mai a cikinsa, ƙarfin ƙunar ya juya ƙafafu. Masana sun auna sun ga cewa kashi ɗaya cikin huɗu, ko ɗaya cikin uku, na ƙarfin man ne kaɗai ke tafiyar da mota. Sauran duk zafi ne da ke fita ta lagireto da salansa. Daɗin daɗawa, injin fetur ya fi ɓarnar mai a lokacin tashi, da lokacin tafiyar hawainiya, da lokacin da mota ke tsaye inji na ta ruri a banza.

Akwai kuma injin lantarki, ɗan'uwan wanda ke juya fanka ko famfon rijiyar burtsatse. Shi ba ya ɓarna sosai, kusan kashi tara cikin goma na wutar da ya sha yana mayar da ita aiki. Kuma yana da ƙarfi tun daga juyin farko. Aibinsa ɗaya, sai da batir, batir kuwa nauyi gare shi ga tsada.

To, da aka haɗa injin nan biyu a mota ɗaya domin kowane ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, sai aka sami abin da na kira mota ruwa-biyu. Dabarar tsohuwa ce, domin wajen shekarar 1900 wani injiniya mai suna Ferdinand Porsche ya ƙera irinta a ƙasar Ostiriya. Amma ba ta bazu a duniya ba sai a watan Disamba 1997, da kamfanin Toyota na Japan ya fito da motarsa Prius. Kamfanin Honda ya biyo baya da Insight a 1999.

Ta farko: mai cajin kanta

Wannan ba a jona ta da wuta ko kaɗan. Fetur kawai ake zuba mata kamar kowace mota. Batirinta ƙarami ne, abin da yake riƙewa bai wuce yunit ɗaya zuwa biyu ba, irin yunit ɗin nan da ake saye a mitar gida. To, daga ina take samun caji? Daga wuri biyu. Na farko, injin fetur kan juya dainamo ya cika batir in yana da rarar ƙarfi. Na biyu, daga birki.

Wannan na birki shi ne abin sha'awa. Duk wanda ya taɓa hawan keke mai dainamo ya san cewa da an jingina dainamo da taya fitila za ta kama, amma keken zai ƙara nauyi, watau dainamo yana jan ƙarfin tafiya yana mayar da shi wuta. Haka motar nan take yi. Da direba ya ɗaga ƙafarsa daga totur ko ya taka birki, sai injin lantarki ya koma dainamo, ya rage gudun motar, ya tura wutar cikin batir. Ƙarfin da a sauran motoci kan lalace ya zama zafi a jikin birki, ita ajiye shi take yi. In an tsaya, injin fetur ya mutu da kansa. In za a tashi, injin lantarki ya ja motar, sai ta ɗauki gudu sa'an nan na fetur ya kama. Wata 'yar kwamfuta ce ke raba musu aiki, direba ba ruwansa.

Da wannan dabara, mota irin Prius kan ci kilomita 20 ko fiye da lita ɗaya, alhali ƙaramar mota ta yau da kullum da ta ɗan kwana biyu kan ci 12 ko 13. Amfaninta ya fi fitowa inda ake tafiya ana tsayawa, kamar cikin gari ranar kasuwar Jega, ko cikin Sakkwato da Birnin Kebbi. A kan doguwar hanya, inda ba a cika taka birki ba, ragin yana nan amma bai kai na cikin gari ba. Da lantarki zalla kuwa ba ta wuce kilomita ɗaya ko biyu, shi ma a hankali.

Ta biyu: mai jona wuta

Ita ma tana da duk abin da ta farko ke da shi, sai dai an ƙara mata abu biyu: babban batir, da kafar da ake jona waya a yi mata caji kamar wayar hannu. Idan batirin ta farko buta ne, na wannan randa ne. Yakan riƙe daga yunit 8 har zuwa 20. Alal misali, Prius mai jonawa ta 2017 batirinta yunit 8.8 ne, ta 2023 kuwa 13.6. Da cikakken caji irin waɗannan motoci kan yi tafiyar kilomita 40 zuwa 80 ba tare da sun sha ko ɗigon mai ba. In caji ya ƙare ba ta tsayawa a hanya, sai injin fetur ya kama ta ci gaba kamar 'yar'uwarta mai cajin kanta.

Ba ta bukatar wani tasha na musamman. Soket ɗin gida mai kyau ya isa, amma fa sai an yi haƙuri, domin cika batir daga ƙasa kan ɗauki awa huɗu zuwa shida ko fiye, kuma wutar ta kasance mai ƙarfi ba mai lumshi ba. Kamfanin BYD na ƙasar Sin ne ya fara fito da irin wannan mota kasuwa a watan Disamba 2008, sa'an nan Chevrolet Volt ta fito a Amurka a ƙarshen 2010, Mitsubishi Outlander kuma a 2013.

A nan akwai abin da ya kamata kowane ɗalibin jihar Kebbi ya sani. Wanda ya zana siffar samfurin farko na motar nan Volt, wadda aka nuna a birnin Detroit a 2007, namu ne, watau Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato. Ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, kafin ya tafi Amurka ya koyi zanen motoci ya kama aiki da kamfanin General Motors a 1994. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙasa mai kula da zane da bunƙasa ƙirar motoci, ya riƙe ta har 2023. A zamaninsa, cikin 2021, hukumar ta buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Ashe dai ilimin nan bai fi ƙarfin ɗan makarantar kwana irinmu ba.

Mu yi lissafi

Malamanmu kan ce lissafi ba ya son zuciya. Mu ɗauki mutum mai tafiyar kilomita 60 kowace rana, kamar ma'aikacin da ke zaune a Jega yana aiki a jami'ar da ke Aliero ko a Maiyama, yana kuma 'yan zirga-zirga cikin gari. Domin sauƙin lissafi mu ce lita ɗaya naira 1,000 ce. Kowa na iya sa farashin garinsa ya sake bugawa.

Motar fetur zalla mai cin kilomita 12 da lita za ta sha lita 5, watau naira 5,000.

Mai cajin kanta, mai cin kilomita 20 da lita, za ta sha lita 3, watau naira 3,000. Ragin naira 2,000 ke nan a rana. In ana aiki kwana 26 a wata, an tsira da naira 52,000.

Mai jona wuta kuwa, yunit ɗaya kan kai ta kamar kilomita 5 in an kunna na'urar sanyi. Kilomita 60 na bukatar yunit 12. To, nawa ne yunit? A nan ne gizo ke saƙa. An kasa masu shan wutar lantarki a ƙasar nan rukuni-rukuni. Rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, an ɗaga musu farashi a watan Afrilu 2024 daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. A kan naira 225, yunit 12 ya kama naira 2,700, kusan daidai da abin da mai cajin kanta ta ci. Wanda ke ƙaramin rukuni, in muka ce yana biyan naira 70, zai kashe naira 840 kacal. Sai dai kuma shi ne wanda wutarsa ba ta daɗewa, ta yiwu ta zo da tsakar rana lokacin da mota ba ta gida. Kun ga ke nan mai wadatar wuta yana saye da tsada, mai saye da araha kuwa ba ta isarsa.

Wani zai ce, ai sai in tada janareta. Mu duba. Ƙaramin janareta na gida da ƙyar yake ba da yunit biyu daga lita ɗaya. Yunit 12 zai ci lita 6, watau naira 6,000. Ya fi ma kuɗin motar fetur zalla. An gudu ba a tsira ba.

Hanya ɗaya da ta rage ita ce hasken rana, shi kuwa Allah ya wadata mu da shi. Farantin sola mai ƙarfin wat 400 kan ba da kamar yunit biyu a yini. Faranti shida sun isa su ba da yunit 12. Manoman rani da yawa sun riga sun koma ban ruwa da sola tun da mai ya yi tsada, don haka abin ba baƙo ba ne. Amma sai an sayi na'urar da ke juya wutar ta dace da mota, kuma in da dare za a yi caji sai an ƙara da batiran ajiya. Duk wannan jari ne da za a ɗora a kan kuɗin motar, ita kuwa da ma ta fi 'yar'uwarta tsada saboda girman batirinta.

Idan ba a yi mata caji ba fa?

Wannan tambaya ita ce gindin maganar. Mai jona wuta da ba a jonawa ta zama mai cajin kanta, amma mai ɗauke da kayan banza. Babban batirin nan nauyinsa ya kai ko ya wuce buhun gero mai kilo 100, ga shi ya cinye wani sashe na but, a wasu ma har wurin safaya. Mai ita ya biya kuɗin randa yana shan ruwan buta.

Ko a Turai, inda wuta ba ta yankewa, an ga haka. A 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto a kan man da motoci suka sha a kan hanya, aka tarar hayaƙin da masu jona wuta suka fitar ya ninka abin da aka auna a ɗakin gwaji sau uku da rabi. Dalili kuwa, masu su ba su yi musu caji yadda aka zata. Idan haka ta faru a can, sai mu yi tunani sau biyu a nan. Batun hayaƙi kuma ya shafe mu, domin kowace lita ta fetur da aka ƙona tana sakin fiye da kilo biyu na iskar da ke ƙara ɗumamar duniya, mu kuwa a bakin hamada muke.

Zafi, ƙura da makanikai

Akwai abubuwa uku da suka shafi motocin duka biyu a ƙasarmu.

Na farko zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin nan namu kan wuce digiri 40, batir kuwa ba abin da ke tsufar da shi da wuri kamar zafi. Wajibi ne a nema wa mota inuwa ko rumfa, kada a bar ta yini guda a rana.

Na biyu ƙura. A motoci irin Prius wata 'yar fanka ce ke zuƙo iska daga cikin mota, ta wata kafa kusa da kujerar baya, tana fifita batir. Ƙurar hunturu kan toshe kafar nan. Haka kuma in aka cusa fasinja huɗu a baya, ko aka jibga kaya a wurin, iska ba za ta shiga ba. Mai irin wannan mota sai ya riƙa sa ana share fankar a kai a kai. Da damina kuma a guji kutsawa cikin ruwa mai zurfi, musamman da yake yawancinsu gajeru ne, cikinsu kusa da ƙasa.

Na uku masu gyara. Makanikanmu gwanaye ne a kan inji da giya da birki, amma batirin motar nan wani karatu ne dabam. Ƙarfin wutarsa ya wuce bolt 200, kusan daidai da wutar gida, a wasu ma ya fi. Shi ya sa aka yi wa wayoyinsa launin ruwan lemo domin gargaɗi. Wanda bai koya ba ya sa hannu yana iya rasa ransa. Gano cutarta ma sai an jona mata kwamfuta. A wannan fanni mai cajin kanta ta fi sauƙi, domin ta daɗe tana shigowa ƙasar nan, kayan gyaranta da masu gyaranta sun fi samuwa a manyan birane.

Ga kuma wata shawara ga iyayenmu. Yawancin motocin da ke iso mu 'yan Kwatano ne, an more su a wata ƙasa. A Amurka kamfanoni kan ba da lamunin batir na shekara 8 ko kilomita 160,000, motoci da yawa kuwa sai sun wuce haka suke zuwa nan. Fenti mai ƙyalli ba ya nuna lafiyar batir. Kafin a biya kuɗi a sa wanda ya sani ya auna shi da na'ura, a kuma tambayi kuɗin canjinsa tun da wuri, domin na mai jona wuta ya ninka na 'yar'uwarta nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado.

Wace ce ta dace da wa?

Direban haya da ke jigila tsakanin Jega da Sakkwato, tafiyar da ta wuce kilomita 100, ko mai bin hanyar Maiyama zuwa Koko da Yawuri, cajin mai jona wuta zai ƙare masa tun bai yi rabin tafiyar yini ba, kuma ba shi da awa biyar da zai zauna jiran caji. Mai cajin kanta ce tasa. Haka ma magidancin da wutar unguwarsu ba ta da tabbas, ko wanda ke ajiye motarsa a ƙofar gida inda babu soket.

Mai jona wuta ta dace da wanda ya cika sharaɗi uku. Tafiyarsa ta kullum gajera ce, kamar tsakanin Jega da Aliero ko Jega da Maiyama, waɗanda kowace ba ta kai kilomita 30 ba. Yana da wuta tsayayya, ko sola isasshiya a gida ko a wurin aiki. Kuma yana da juriyar jona ta kullum ba fashi. Irin wannan mutum yana iya yin mako guda bai leƙa gidan mai ba, in doguwar tafiya ta taso kuma injin fetur na nan. Ma'aikatu da asibitoci da makarantu masu manyan farantan sola su ma za su amfana, domin motarsu na iya shan caji da rana tana tsaye a harabarsu.

Albasar Aliero da shinkafar fadamunmu kuwa manyan motoci masu shan gas ke kwasarsu zuwa kudu, waɗannan da muke magana a kansu ƙanana ne, don haka kada a zaci za su sauko da kuɗin dakon buhu.

A ganina, yadda al'amuran wuta suke a garuruwanmu, mai cajin kanta ta fi dacewa da mafi yawan jama'a, domin ba ta neman komai wurin mai ita sai mai da kulawa. Mai jona wuta kuwa kasuwarta za ta buɗe gwargwadon yadda sola ta yi araha, wuta kuma ta zauna. Mu tuna babban layin wutar da ya taso daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, a Birnin Kebbi ya sauka, don haka ba mu yi nisa da tushen wuta ba.

Kira ga 'yan'uwana ɗalibai

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Motocin nan suna ƙaruwa, kuma duk wadda ta shigo tana bukatar mai auna batirinta, da mai haɗa mata sola, da mai karanta abin da kwamfutarta ke faɗi. Idan ba mu koya ba, sai an ɗauko wani daga Kaduna ko Legas ya karɓe kuɗin garinmu ya tafi. Darasin lantarki da ake koya mana a aji, na bolt da wat da dainamo, shi ne harsashin wannan sana'a. Kada mu raina shi, kada kuma mu raina aikin hannu. Ina roƙon iyayenmu su ƙarfafa wa yaransu, maza da mata, gwiwar karatun kimiyya da fasaha, tun da ga jami'a a Aliero, ga kwalejin fasaha a Birnin Kebbi. Ba a fafe gora ranar tafiya.